Wata a Cikin Rariya

Ran Laraba ta aiko direba har Gangare,
wai a zo da mai lalle.
Urmila ce, matar mai kantin magani na bayan Taminus.
Ta miƙo tafuka, ta ce a cika har gwiwar hannu,
a ɓoye harafin sunan mijinta a tsakanin ganyaye.
Ban iya rubutunsu ba.
Ta zana min a bayan kwalin ashana, na kwafa,
wani abu kamar ƙugiyar mahauta.

Washegari da yamma na koma karɓar cikon kuɗina.
Mata bakwai a tsakar gida, duk cikin ja,
suna miƙa wa juna faranti mai fitila.
Tun asuba ba ta kurɓi ruwa ba.
Na ce, ramuwa ce ko alwashi?
Ta yi dariya har leɓenta ya tsage.
Ta ce, na tsawon ransa ne.

Aka kira magariba can ƙasan layi.
Maƙogwarona ya motsa saboda ita,
ita ko gezau.
Ashe faɗuwar rana ba ta buɗe musu baki,
sai wata ya fito,
kuma ba siririn nan da muke leƙe a yamma ba,
babba, daga gabas, wanda aka ɗan gutsura gefensa.

Sai dai Jos ce.
Damina ta yi sallama tun makon jiya,
ga ta ta dawo ɗaukar takalminta.
Hadari ya zauna kan duwatsun Shere
kamar mai bin bashi.

Na kalli mutumin da ake wa wannan ƙishirwa.
Baldev. Tumbi, sanƙo, tari irin na masu taba.
Shi ne ya hana ni ragin naira hamsin
ranar da ƙirjin autana ke kuka.
Yana hawa bene, yana saukowa, yana duba agogo,
yana zagin gajimare da yarensu.

Haladu dankali yake ɗaukowa daga Bokkos.
Safiyar nan mun yi cacar baki kan kuɗin kalanzir,
ya ce na tafi,
na ci gaba da kankare tukunya.
A dawo lafiya, kalma uku,
na riƙe su a baki don ya ji haushi.
Hawan Kibo bai mayar min da shi ba
balle in biya.

Na sani, an karantar da ni,
kwana in ya ƙare ya ƙare,
ƙishin mace ba ya ƙara wa namiji ko wuni.
Amma kuɗina na ƙulle a bakin zani
ban tashi ba.

Tara saura, wani yaro ya yi ihu daga bene.
Ta ɗaga rariya, irin tawa ta tankaɗe,
ta dubi watan ta cikin ramukan,
ta juyo da ita a hankali kan fuskar mai tumbin.
Ya kai kofi bakinta, hannunsa na rawa,
rabin ruwan ya bi haɓa.
Kuku ya raɗa min: Oga ma bai ci komai ba yau,
ya ce wai cikinsa ne.

Ta ƙunsa min alewar madara a takarda.
Lallen ya kama, har ya yi baƙi.

A gida yara sun yi barci.
Na ciro tawa rariyar daga ƙusa,
na fita, na ɗaga.
Gari ya zubo min a ido.
Da na juyo da ita
sai katanga, da igiyar shanya,
da bokitin da na manta ban kife ba.

Tunda ta riga ta sauko,
na zauna na tankaɗe na gobe.