Kaki Huɗu a Rataye

Shagona na kallon ƙofar bariki.
Shekara goma sha tara ke nan
ina rage wa yaran gwamnati wando,
don ma'ajin soja bai san awon kowa ba:
ya ba dogo gajere, ya ba siriri buhu,
ni ke sasanta mutum da kaki.

Ran Talata su huɗu suka shigo tare,
gumin fareti bai bushe musu ba.
Harisu na Tibiri, mai wushirya,
ya ce in matse masa kafaɗa
ko 'yan matan Bagalam sa san ya iso.
Lawali ɗan Gazawa bai ce uffan ba,
ya nuna gwiwar da ta yage, ya ajiye dala arba'in.
Saini, Bazabarme daga Doso,
da Hausarsa mai tuntuɓe,
ya roƙi aljihun ɓoye daidai ƙirji
inda zai sa hoton ɗiyarsa, 'yar wata bakwai.
Ƙaraminsu Ma'azu ya ce, "Baba tela, bashi,
sai an yi albashi."
Na ɗauki alli na rubuta sunansa a bango
ina tsaki.

Ran Alhamis aka kai su gulbi
koyon ƙetare ruwa da igiya,
bindiga a wuya, jaka a baya,
takalmi mai nauyin dutsen niƙa.
An kwana ana ruwa can kudu wajen Jibiya,
labarin bai iso ba, ruwan ya riga shi.
Igiya ta tsinke.
Wanda ya gani ya ce Lawali ya kama gaɓa,
ya waiga, ya hangi hular Ma'azu tana juyi,
ya koma.
Iyakar sanina ke nan.
Saura yana wurin Allah Sarki.

Masu lambun Jiratawa suka tsamo biyu,
biyun sai da gari ya waye.
Aka lulluɓe su da tuta, aka busa ƙaho,
kwamanda ya karanta takarda
muryarsa na karyewa a kan sunaye.
Mahaifin Harisu ya zo a kan amalanke,
bai yi kuka ba,
hannunsa dai ya kasa sakin makara
har aka ɓamɓare shi da sauƙi.

Na ji wani a majalisar mai shayi
yana cewa, ai ba a fagen daga suka faɗi ba.
Na ce, malam, manomin da kububuwa ta sara
ranar sharar gona, kafin shuka,
wa zai ce ba noma ya kashe shi ba?
Ruwan da suka shiga, don mu suka shiga,
don ranar da za a ce ku ƙetara
mu kuma muna barci a ɗaki.
Wanda ya mutu yana wasa takobi
shi ma ya mutu a yaƙi.

Da liman ya juyo ya tambayi sahu
ko akwai mai bin ɗayansu bashi,
na ɗaga hannu na ce na yafe.
Na dawo shago da tsumma a hannu
in goge bango.
Har yau tsumman na kan keke,
sunan na nan da alli, ban iya ba.

Na gama aikin duka, ban rage ba.
Na matse kafaɗa, na toshe gwiwa.
Aljihun Saini na yi masa ɗinki biyu,
na ba direban Doso rigar a leda,
na ce a ajiye wa yarinyar
har ta isa sa hannu a ciki.

Ya Allah, Kai ka san awon kowa.
Ka yalwata musu kabari,
ka tufatar da su da abin da ba ya yagewa,
ka sanyaya zukatan iyayensu,
ka tsare sauran yaran
da ke wuce ƙofata da asuba suna gudu,
suna ɗaga mini hannu,
za su aiki.