Wata Uku Ba Yaji

Likita ya duba takarda, ya dube ni,
ya ce, "Malam Barau, cikinka ya yi gyambo.
Wata uku." Ya ɗaga yatsu kamar mai ciniki.
Na ce, ko ɗan kaɗan a bakin cokali?
Ya ce ko a mafarki.
Na fito da ƙunshin magani a hannu ɗaya,
ɗayan riƙe da takardar gwaji.

Yau kwana tara ke nan.
Tuwo ya zama aiki, miya ta zama ruwa,
tsokar kaza a bakina sai ka ce auduga.
Loma uku, na gaji.

To bari in ƙirga su, ko na rage zafi,
ai ƙirge ba ya ƙona hanji.

Na farko na Goggo Tabawa ne, can cikin Jahun.
Ran Alhamis take daka shi:
busasshen barkono, daddawar kalwa, citta,
kimba biyu, ba ta taɓa sa uku ba,
gishiri sai turmi ya yi shiru.
Tun daga bakin lungu za ka san ta fara,
mai wucewa na tari, yara na murza ido,
tsakar gida ta watse, har kaji.
Barbaɗa shi kan ɗanwake, bi da man gyaɗa mai zafi,
ka ji yadda yake sauka a ƙirji.

Na Asabe mai masa a Wunti ba na turmi ba ne.
Jajjagen attarugu ne da albasa,
ta soya shi har mai ya taso ja a kai.
Ka tsaga masa tana tururi, ka dangwala,
hanci na zuba, kai kana ƙara miƙa kwano.
Shekara shida ina barin mata hamsin hamsin,
tana ƙara min cokali a madadin canji.

Akwai na Maikano mai tsire, a Yalwa.
Ƙuli ne, kowa ya sani, amma da wani abu a ciki.
Na ce masoro, ya yi dariya.
Na ce kanumfari, ya juya tsinke.
In nama ya ƙare nakan lashe takardar,
a ɓoye, kar yara su ga Alhaji.

Sai na jego, da aka aiko daga Azare
lokacin da Uwani ta haifi Zulai.
Ita ke jego, ni ke zufa.
Kafin suna gwangwanin ya yi rabi,
surukata ta leƙa, ta ce, "Wannan gida,
mai jegon mata ce ko miji?"

Kowa da yadda yake sha'aninsa da shi.
Sabo direba a kwalbar maganin tari yake zuba nasa,
ko gidan biki ya je, sai ya laluba aljihu.
Ɗaliban Gwallameji, in wata ya yi nisa,
shinkafa da wake, mai da yaji, shi ke nan agaji.
Zulai kuwa, da ta sha shi tun a nono,
kan ɗanyen mangwaro take zazzaga shi,
tana ci a gabana, tana kallona,
ba ko tausayin tsoho.

Jiya da dare, bayan kowa ya kwanta,
na lallaɓa madafi ba takalmi.
Ba ci zan yi ba, Allah ya sani, gaisuwa ce.
Na buɗe murfin robar a hankali,
na kai hanci kusa, kusa,
sai atishawa, har uku, kamar an harba bindiga.

Daga ɗaki, cikin duhu, murya ba ko gigin barci:
"Saura kwana tamanin da biyu, Barau.
Rufe ka ajiye. Na ji."