Ramuka Ashirin da Huɗu

Ran Talata allon ya mutu.
Ba ƙara, ba hayaƙi.
Wani koren zare ya ratsa shi daga sama zuwa ƙasa,
ya ƙifta sau biyu, ya yi ɗif,
ya bar ni da fuskata cikin baƙin gilashi,
da hoton auren wasu mutanen Kutaisi
wanda ban gama cire masa tabon shekaru ba.

Jikana Saba ya zo da yamma, ya leƙa bayan akwatin,
ya yi dariya har da riƙe ciki.
"Kaka Tsiala, katin hoton nan ai ya girme ni.
Ki zubar da su gaba ɗaya."
Na ce kakanka Otar ne ya dasa shi da hannunsa,
tabarau a bakin hanci, yana zagin ƙananan kusoshi,
damina ɗaya kafin mu raka shi makwanci.
Katin bai gaji ba. Idonsa ne ya mutu.

Na durƙusa da tocila, gwiwa na kuka,
na ƙirga ramukan farar kafar da ke bayan katin:
jeri uku, takwas-takwas,
da wata 'yar tsaga a gefe kamar bakin asusu.
Na zana su da fensir a bayan takardar kuɗin wuta,
na ninke, na cusa a aljihun kwat.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya amayar da ni a dandalin tasha.
Tbilisi na yayyafi.
A shagon Gocha alluna sun jeru suna ƙyalli,
cikin kowanne kifaye iri ɗaya na iyo.
Ya kai ni gaban wani mai lanƙwasa, faɗinsa ya kai taga,
ya ce wannan yana sake hoto
sau ɗari da arba'in da huɗu kafin ki ce wayyo.
Na ce matattuna ba sa gudu, ɗana,
a zaune suke tun ranar da aka ɗauke su.

Na miƙa masa takardar.
Ya juya ta, ya sosa ƙeya, murmushin ciniki ya sauka.
"DVI ce. Babban nan bai san ta ba.
Ko na haɗa miki da mahaɗi, katinki ba zai iya cika shi ba,
rabin kuɗinki zai kwana a banza."
Ƙwarya ta bi ƙwarya ke nan,
in ta bi akushi ta fashe.

Can ƙasan kanta ya jawo wani kwali mai ƙura,
inci ashirin da huɗu, ba ado, ba alfahari.
Ya kifa shi. Ga farar kafar tana kallona
kamar 'yar garinmu a bakin tasha.
Na ce launinsa fa, yana faɗin gaskiya?
Ya ce ko ta gefe kika kalla, ja ja ne.
Na taya, ya ƙi, na juya, ya sallama,
ya ƙara mini waya kyauta.

A gida Saba ya murɗa kusoshin biyu masu shuɗin kai.
Fanka ta yi tari. Haske ya zo.

Sai na ga abin da tsohon allon ya ɓoye mini.
Ashe a hankali ya riƙa rinewa zuwa ruwan ɗorawa,
ni kuma ina ta zuba shuɗi a fuskokin mutane
don in gyara laifin da ba nasu ba.
Amaren da na mayar wa danginsu,
duk kamar sanyi ya kama su.
Ba wanda ya taɓa dawo mini da ƙorafi.

Na buɗe hoton Otar a baranda, ƙarƙashin inabi.
Mayafin wuyan nan da na shekara tara ina cewa ruwan ƙasa,
ja ne, jan rumman.
Ni na saƙa shi. Na manta.

Saba ya ce, "Kaka, shayinki ya huce."
Na ce bar shi.