Zarto Biyu a Shagon Tukur

A kasuwar Marwa, can layin 'yan ƙarfe,
zarto biyu masu inji na kwance a kan kanta.
Ɗaya ja, yana sheƙi kamar wankakken goro,
jaka sittin da biyar, in ji Tukur, har da ragi.
Ɗayan ruwan lemo, ɗan Jamus,
an lulluɓe shi da leda kada ido ya ci shi.
Ban tambayi kuɗinsa ba, Tukur ne ya faɗa:
ɗari huɗu da hamsin, ba ciniki.

Jaka casa'in ce a aljihuna,
kuɗin albasar bana da na tunkiyar Dudu,
wadda ta ce, sayar, ban hana ba,
amma ka dawo min da yatsunka goma.

Na ɗaga jan, ba nauyi, roba ta yi ƙara.
Na ɗaga ɗayan,
sai na ji kamar na gaisa da dattijo,
hannu ya zauna, bai son a sake shi.

Wata bakwai ina riƙe wa Baba Hamajoda igiya
a ƙarƙashin darbejiyoyin Domayo,
ina jan rassa, ina gauraya fetur da baƙin mai a gora,
abin da na fi sani a jikinsa tafin ƙafa.
Injinsa ya girmi 'yarsa ta fari,
fenti ya goge, an ɗaure mariƙin da waya,
amma ja ɗaya yake jira ya tashi da gurnani.

Rannan muna cin ƙosai a yashin Mayo Kaliyawo ya ce:
A ƙasa kowane inji mutumin kirki ne.
Sai ka hau maɗaci gaba shida,
ƙafa ɗaya a reshe, ɗaya a iska,
kwanon gidan mutane a ƙarƙashinka,
ya mutu a tsakiyar yanka,
nan za ka san wa ka ɗauko.

Araha ba ta ado, na sani.
Tsada ma ba ta hawa bishiya da kanta.
Tukur ya tofar da tsinke ya ƙara da nasa:
Jan nan in ya lalace, kayansa na zuwa daga Mubi duk mako,
ɗan Jamus kuwa in ya yi tari
sai ka jira motar Duwala.
Ban san ko gaskiya ya faɗa ba ko ciniki,
a bakinsa su biyun kamarsu ɗaya.

Na tsaya har aka kira la'asar.
Na lissafa bashi, na ga fuskar kawuna, na fasa.

Jan na ɗauka.
Canjin ya tafi ga igiya sabuwa, hular kwano,
magagari, da sarƙa ta biyu.

Baba ya juya shi, ya buga birkin da bayan hannu,
ya saurara, ya sake bugawa.
Shekara guda, in ji shi, in kana wanke shi kullum,
kana wasa haƙoran kafin su roƙe ka,
kuma ba ka ara wa kowa, ko ni.

Aikin farko tsamiya ce a Kakatare,
reshe ya kwanta kan ɗakin girkin wata tsohuwa.
Ja tara na yi a sama, yara na ƙirgawa da ƙarfi,
a na goma ya yarda.
Reshen ya sauka a igiya, ko tukunya bai taɓa ba.

Jaka huɗu ta ba ni da ƙullin tsamiya.
Ɗaya ta shiga gwangwanin madara a ƙarƙashin gado.
Dudu ta kama hannuna ta ƙirga.

In na bi ta layin 'yan ƙarfe yanzu
nakan leƙa in ga ko ledar na nan.
Jiya Tukur ya ce ya ƙara jaka goma.