Ƙanƙarar Ranar Casilda

Shekara tara ina dakon ƙanƙara a Alvarado,
daga masana'antar Don Anselmo zuwa shagunan bakin kogi.
Kafaɗar hagu ta daina jin sanyi tun tuni,
ta dama ce mai mita idan dare ya raba.

Ledar tana da kyau, ba ƙarya,
an rubuta mata "tataccen ruwa" da shuɗin tawada.
Ni kuwa na san rijiyar.
Na san tiyon da ke kwana a ƙasa
dab da magudanar masu fawar kifi,
na san matatar da ba a canja ba tun ambaliyar bara,
da shebur ɗin da Ruperto ke kwasa da shi
ya jingine shi inda kare ke wucewa.
Na ce aikina ɗauka ne, tambaya ta masu albashi ce.

Ran Asabar Casilda ta cika shekara shida.
Eulalia ta tafasa ruwan zoɓo har sau biyu,
ta wanke lemun tsami ɗai-ɗai kamar za ta yi musu suna,
ta kora yara goma sha ɗaya famfo, sabulu a hannu.
Sai ga ni da leda biyu a ka,
kyautar maigida, ina taƙama.
Ni na fasa ta da dutse a bakin ƙofa.
Ni na zuba.
Har yanzu ina jin ƙarar ta cikin kofuna, ƙal, ƙal,
da yadda yarinyar ta ajiye ɗaya a kunci tana dariya.

Kafin Litinin bakwai sun kwanta.
Amai, gudawa, ido ya faɗa rami.
Casilda a gadon asibiti, ƙarin ruwa na ɗiga,
ina ƙirga ɗigon kamar bashin da ake bi na.

Likitar ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce sanyi ba ya kashe ƙwayar cuta,
barci kawai yake sa ta,
cikin yaro kuwa ɗaki ne mai ɗumi.
Eulalia ta dube ni. Ruwa ba ya tsami banza.
Ban ce uffan ba.

Kwana huɗu, yarinyar ta nemi ayaba.
Na fita bayan asibiti na yi kukana.

Don Anselmo ya ce ai kifin ne, ko zafin gari.
Na koma aiki, haya ba ta jira.
Amma jiya a shagon Doña Hilaria
wata mata ta buɗe firiza ta miƙa hannu,
ɗanta na riƙe da siket ɗinta,
ledar na ƙyalli, kyan ɗan maciji.
Na ji bakina ya riga ni:
Baiwar Allah, ta sanyaya kwalba ce
ko ta sha?