Biro da Fensir

Ran da muka gama atisayen bazara,
koci Hamajoda ya liƙa takarda a jikin darbejiya,
ƙusa ɗaya, ƙayar aduwa biyu,
ya tada babur ya nufi Domayo
ko waiwaye babu.

Muka yi mata caa, kamar ƙuda kan ɓawon mangwaro.

Ni daga ƙasa na soma karantawa,
yadda nake yi ran fitowar jarrabawa.

Wasu sunayen da biro aka rubuta su.
Jibirilla kyaftin, lamba huɗu, wannan ko makaho ya sani.
Zara'u a tsakiya, laƙabi ne, sunan uwarsa,
don ita yake kira duk sanda aka kwashe masa ƙafa.
Abakar na Kusiri a gefen dama,
wanda hagunsa don zuwa masallaci kawai aka halitta.
Biro ba ya jiran shawara.

Sauran fensir ne.
Lamba tara: Sali ko Durwe.
Sali ya ci bakwai a kwana arba'in, ya ɓarar da saba'in.
Durwe uku kacal, duk da ka,
duk a lokacin da numfashi ya ƙare wa kowa.
Mako biyu ke nan ba su sa hannu a kwano ɗaya ba.
Lamba uku kuwa layi ne tsirara,
tun da gwiwar Bakari ta yi ƙara a yashin Mayo Kaliyawo,
ƙarar da na jiyo daga raga
kamar an taka busasshen kara.

Sai na iso sama.
Lamba ɗaya. Yawuba, sannan ɗan karan tsaye, sannan Wangso.
An goge, an rubuta, an sake gogewa,
har wurin ya yi fata-fata, rana na leƙowa ta ciki.

Shekara uku ina gadin ragar Kongola.
Na san ramin gindin turken hagu,
na san yadda iskar dutse ke lanƙwasa kwana bayan la'asar.
Haƙorina ɗaya na can Gaundare,
cikin ciyawar filin da muka yi canjaras.

Wangso daga Yagwa ya zo bana,
ɗalibin lissafi, dogo kamar giginya,
tafinsa ya saba da jan taru a Logon.
Ba ya jin Hausa, Fillancinsa na sayen albasa ne.
Ni na ba shi tsohuwar safar hannuna.
Ni na ce masa, kar ka kalli ƙwallo,
ƙugun mai bugu ba ya ƙarya.
Ya koya.
Kaico, ya koya.

Da magariba ya same ni a dakalin ɗakinmu,
zoɓo biyu a leda, ya miƙo mini mai sanyin.
Ya ce, gobe asuba?
Na so in ce ina da karatu.
Na dubi yatsunsa da suka ɓullo ta tsagar safata,
na ce, asuba.

A daren ne hadarin farko ya taso daga gabas,
ya daki kwanon rufi har muka daina jin juna.

Da sassafe muka bi ta gindin darbejiya,
takalma rataye a wuya, taɓo har idon sawu.
Takardar na nan, ƙaya ɗaya ta riƙe ta.
Biro ya narke.
Kyaftin ya zama shuɗin zirin hawaye,
Abakar ya gangara cikin Zara'u.
Fensir ko gezau:
Sali ko Durwe,
Yawuba, Wangso,
da layin Bakari yana jiran mai shi.

Wangso ya yi dariya, ya jefo mini ƙwallo.
Ta yi nauyi, ta sha ruwa.
Na cafe.
Na ce, shiga raga, ni zan fara bugu.