Uwar Makullai

Kakana Ɗan'azumi ya yi gadin sito a bakin ruwan Garwa
tun Binuwai na ɗaukar jiragen gyaɗa zuwa kudu.
Ba ya yawo da tarin ƙarafa suna kacau-kacau a ƙugu.
Guda tak yake ratayawa, can ƙarƙashin taguwa,
shi ke buɗe akwati,
a akwatin sauran ke kwance, kowanne da zarensa.
Yakan ce, mai kacau-kacau talla yake yi wa ɓarawo.

Yau ni ce a ɗaki mai fanka ɗaya a Rumde Ajiya,
na'urar ƙungiyar manoman auduga tana huci a gabana.
Makullaina ba haƙora, ba tsatsa.
Jerin lambobi ne da ko ni ban haddace ba,
amma in babu su, sunan Hammajoda na Pitowa
da buhu goma sha ɗaya na takin da ya ci bashi
sai su koma sawun kaji a kan rairayi.

Na'urar ɗaki biyu gare ta.
Ƙwaƙwalwa tafin hannu ce,
ga sauri, ga mantuwa, wuta na ɗaukewa ta wofinta.
Faifai kuwa rumbu ne,
abin da ka zuba yana nan har bayan ranka,
wanda ya saɓi na'urar da dare ya saɓa har da shi.
Shi ya sa ba na kwantar da makulli tsirara a rumbu.
Sai na naɗe shi cikin wani makullin
yadda ake naɗe goro a ganye.

Shekarar fari na yi wauta.
Kowane rasit sai na gangara rumbu,
na kwance, na buɗe, na ɗaure, na mayar,
layin manoma ya kai gindin darbejiya,
wani ya ce ko injin ma azumi yake?
Yanzu na yini kaɗai nake bari a tafin hannu,
daga hantsi zuwa la'asar.
In an tashi in bi gurbinsa da sifiri, sifiri, sifiri,
kamar mai jan reshe a bayan sawunsa.

Uwarsu fa? Ba ta kwana a nan.
Na tsaga ta uku: kaso gare ni,
kaso ga Dijatu ma'aji,
kaso ga Bappa Yerima da ke Lagdo.
Biyu suka haɗu, ta farka. Ɗaya shi kaɗai, kurma ne.

Sai ga daren Agusta.
Aradu ta faɗi, wuta ta tafi, batir ya bi ta.
Da safe tafin hannu wayam,
gobe kuma ranar biya.
Dijatu na Marwa wankan jego, wayarta a kashe.
Kwaɗi na ta kuka a kwata,
kwaɗon da ke cikin na'ura ko uffan.

Bappa ya iso bayan azahar, wando naɗe zuwa gwiwa,
rabi a kwalekwale, rabi a bayan babur.
Ya ciro gwangwanin shayi daga aljihu,
cikin gwangwanin leda, cikin ledar takarda.
Ya karanto a hankali, yana bi da yatsa,
ni ina bugawa.
Hammajoda ya dawo da bashinsa cif, ko sefa ba ta ɓata ba.

Ya ce, 'yata, ina makullin?
Na ce, ai ka ba ni.
Ya leƙa bayan na'urar, ya leƙa ƙarƙashin tebur.
Ya ce, ban ji ƙara ba.

Ban gaya masa ba tukuna
cewa abin da aka faɗa da baki ya tsufa ke nan,
daren nan zan haifi wata uwar, in sake naɗe 'ya'yan.
Na dai wanke gwangwanin, na kife shi ya bushe,
na ɗora masa ruwan shayi.